Sayen Lasifika: Cinikin Biri A Sama

A Diko, kusa da Suleja, mai son lasifika yakan aika wa ɗan'uwansa da ke Ikko kuɗi ya sayo masa a kasuwar Alaba. Ba zai ji muryarta ba sai ta iso. In ta fito a shaƙe, kuɗi sun tafi, zumunci ya yi tsami.

Ƙarfin da aka rubuta PMPO a kwali cika baki ne, na RMS shi ne gaskiya. In ba wuta a kanti, a taɓa wayoyinta da batirin tocila: mai rai za ta yi ƙas, takardarta ta motsa.

To, 'yan'uwa mazauna kudu, ɗan aike shi ne kunnen mai kuɗi. A saurara kafin a biya.