Kano A Yaƙin Sararin Samaniya Tsakanin Jamus Da Ingila

Idan ana labarin gumurzun jiragen Jamus da na Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, hankali yakan tafi London ne, inda Jamusawa suka fara ruwan bamabamai ranar 7 ga Satumba, 1940, suka kuma jera dare 57 ba hutu. Ba kasafai ake ambaton Kano ba, alhali kuwa tana da kaso a ciki. Bayan Italiya ta shiga yaƙin a Yunin 1940, Bahar Rum ta zama hanyar mutuwa ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuma dakarunta da ke Masar suna matuƙar bukatar jiragen yaƙi. Sai aka riƙa kawo jiragen Hurricane da Blenheim cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, su yada zango a Kano, sannan Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau), Khartum, har Alƙahira. Daga Satumbar 1940 zuwa 1943 jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Mazauna cikin badalar Kano, waɗanda suka fara ganin saukar jirgi a 1925, sai ga su suna kwana suna tashi da rugugin inji.

Wani zai ce ai ko bam ɗaya bai faɗa Kano ba, don haka yaƙin na Turawa ne. Jamusawan da kansu ba su ɗauke shi haka ba. A Janairun 1942 Theo Blaich ya keto Sahara da jirgin Heinkel guda ɗaya, ya ƙone rumbun man jiragen da ke Fort Lamy, saboda ya san abin da wannan hanya take yi wa Rommel, kwamandan Jamus a Arewacin Afirka. Ga kuma Damagaram nan kusa, a hannun Faransawan Vichy masu ɗasawa da Jamus. Da Gwamna Félix Éboué bai miƙa Chadi ga de Gaulle, jagoran Faransawan da ke tare da Ingila, ba a Agustan 1940, da hanyar ba ta buɗe ba tun farko.

Inda ya fi bukatar natsuwa shi ne yadda ake fassara martanin jama'a. Gaskiya ne sarakuna, ciki har da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sun mara wa Ingila baya, an tara gudummawar yaƙi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Abubakar Imam kuma tana kawo labarin fagen daga tun daga Zariya. Ba na musun cewa wasu sun bayar da zuciya ɗaya, domin abin da Musolini na Italiya ya yi wa Habasha a 1935 ya ishi baƙar fata ishara. Amma gudummawar da ta biyo ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, wane talaka ne zai ce a'a? Kuma a shekarun nan ne, daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa kwasar mutanen Arewa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, inda sanyi da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu.