Gam Ɗin da Ke Riƙe Ledar Milo

A unguwar Krofrom da ke Kumasi, mai shayi yakan yage ƙananan ledojin Milo da na madarar Cowbell kowace safiya. A ido, ledar kamar falle ɗaya ce. Amma yawanci irinta falle biyu ne ko uku, an manne su da gam.

Kowane falle da aikinsa. Na waje roba ce mai ƙwari, ita ke ɗauke da zane da sunan kaya. Na tsakiya alminiyom ne, wanda bai kai silin gashi kauri ba. Shi ke tare danshi da iska da haske. Na ciki kuwa leda ce mai narkewa, da ita ake liƙe bakin ƙunshin da zafi. Ledar fiyawata ba haka take ba, domin ba a manna mata alminiyom.

Gam ɗin da aka fi amfani da shi sunansa foliyuritan. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka gano wannan sinadari a Jamus a 1937. Ruwa biyu ake gaurayawa. Da sun haɗu sai su fara ɗaure juna, har su daskare su zama wata siririyar fata mai danƙo. Roba tana da santsi, saboda haka akan fara bi ta kanta da tartsatsin lantarki don gam ya kama. Daga nan inji ya shafa gam kaɗan, giram biyu zuwa huɗu a kowace murabba'in mita, sa'an nan gangunan ƙarfe masu ɗumi su matse fallayen.

Bayan haka akan ajiye naɗin na 'yan kwanaki har gam ya nuna. Gaggawa a nan tana da haɗari: fallayen za su iya rabuwa, danshin damina ya shiga, gari ya dunƙule. Sauran sinadarin da bai gama ɗaurewa ba kuma yana iya ratsawa cikin abinci.

Sai dai wannan ƙarfi na gam shi ne kuma matsalarsa. Da wuya a raba roba da alminiyom don a sake narka su, shi ya sa masu tsintar ledar fiyawata ba su cika ɗaukar irin wannan ba. Idan aka yar da ita, takan ƙare a kwata, ta toshe hanyar ruwa.