Iyakar Mulkin Tururuwa

A gindin tsaunukan Gashaka da ke Jihar Taraba, mushen fara ba ya kwana a ƙasa. Kafin ƙuda ya gama shawagi, kiyashi ya ja rabonsa, shi da ake yi wa kirari da "ɗauki abin da ya fi ka". Kwarkwasa kuwa da runduna take fitowa. Ba ta da ido ko ɗaya, ƙamshin sawun 'yar'uwarta take bi, amma tana, kyankyaso, ɗan tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa, duk sai ta yayyanka su ta kai gida. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji mutanen da, ko da yake manyan biran dajin nan ba su yarda ba: tsinke suke zurawa a raminta, ta hau da fushi, su suɗe.

Sai dai wannan mulki na ƙasa-ƙasa ne. Tururuwa ba ta iya ɗumama jikinta, zafin ƙasa take aro, don haka ana yin sama tana raguwa. Ko wadda ta gargaɗi 'yan'uwanta game da rundunar Annabi Sulaimanu, ai a kwari aka same ta.

Inda ta gaza, masu fukafukai ke karɓar aikin shara. A tsaunukan Simiyan na Habasha, inda ƙololuwar Ras Dashen ta haura mita 4,500, akwai ungulu mai gemu wadda ba ta rububin nama. Takan jira kowa ya ƙoshi ya watse, sannan ta sauka kan ƙashi, don shi ne mafi yawan cimarta. Ƙarami ta haɗiye shi ɗungurungum, ruwan cikinta ya narkar. Babba ta tashi da shi sama ta sako kan falalen dutse, in bai fashe ba ta sake, har ɓargo ya fito. Ungulu ba ta jewar banza, wannan kam ta fi kowace haƙuri.

Mun saba cewa in tururuwa ta so lalacewa sai ta yi fiffike. Can saman tsaunuka maganar ba habaici ba ce. Iska mai hawa gangare takan kwashi masu fiffike da sauran ƙananan ƙwari ta watsar kan dusar ƙanƙara, sanyi ya sandare su, tsuntsaye su bi suna tsinta. Da irin wannan kalaci na iska wani ɗan gizo-gizo mai tsalle yake rayuwa a jikin tsaunin Everest, a tsawon kusan mita 6,700, inda ko ciyawa ba ta tsirowa.