Ka karɓi kuɗin riɗi, ka sayar wa wani: wannan fa karya yarjejeniya ne

Kai matashin da ke harkar amfanin gona tsakanin Birnin Kudu da kasuwar Sara ta Gwaram, ka san yadda abin yake. Tun da damina ka karɓi kuɗin buhu biyar na riɗi, a kan za ka kawo da kaka. Kaka ta yi, farashi ya tashi, sai ka juya ka sayar wa wanda ya fi tayi, ka ce za ka mayar wa mai kuɗi kuɗinsa. To, mayar da kuɗin bai wanke ka ba. Riɗi ka yi alkawari, kuma kotu na iya sa ka biya shi ribar da ka hana shi.

Malaman fiƙihu na kiran irin wannan ciniki salam: a biya yanzu, kaya su zo a lokacin da aka yanka, da awo da nau'i sanannu. Ko ambaliya ce ta cinye gonar, irin ta 2022 da ta yi ɓarna a Jigawa, kayan bashi ne a wuyanka. Ka nemo a kasuwa. In babu, mai saye ya jira ko ya karɓi kuɗinsa.

Kawo kaya a makare ma saɓawa ce, in lokacin shi ne ginshiƙin maganar. Telan da ya ba ka ɗinki kwana uku bayan Sallah ya san da wannan. Haka wanda ya cika buhu da tsakuwa.

"Ai da baki muka yi" ba mafita ba ce. Yarjejeniyar baka tana da ƙarfi a doka, matsalarta hujja. Shi ya sa aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarnin a rubuta bashi, a kafa shaidu. Ajiye saƙon WhatsApp da rasit ɗin POS, domin Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda da hujjar da ta fito daga na'ura.

Kai kuma da aka saɓa wa, daina garzayawa caji ofis. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan karya yarjejeniya kawai, sai in da damfara ko cin amana a ciki. Fara da sarkin kasuwa ko dattawan da suka shaida cinikin. In sulhu ya ƙi, kotun shari'a ko ta majistare.