Yadda Ake Raba Mai da Ruwa a Masana'antu

Ruwan da matatar mai ta gama aiki da shi yana fitowa ne da maiƙo, wani a sama, wani kuma ya gauraye da ruwan har ido ba ya ganinsa. Mu a Jihar Kaduna maganar ta shafe mu. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, kuma a shekarun da take aiki, ruwan da take zubarwa rafin Romi yake bi ya faɗa kogin Kaduna. Idan mai ya rufe fuskar ruwa, iska ba ta shiga, kifi ya mutu. Idan aka yi ban ruwa da shi, gona ta lalace.

To, yaya ake tsabtace irin wannan ruwa? Matakai uku ne.

Na farko, a tara shi a babban tanki ya kwanta. Mai bai kai ruwa nauyi ba, sai ya taso a kwashe.

Na biyu, a tura ruwan wani tanki mai cike da ƙananan halittu, wato bakteriya. Ana hura musu iska, su kuwa su cinye ragowar man kamar abinci. An gano wannan dabara a Manchester ta Ingila a 1914.

Na uku, a tace shi da tantani, wato wata irin rariya mai ƙananan ƙofofi, yadda mata ke tace gasara. Ruwa ya wuce, bakteriya da ɗigon mai su tsaya. A 1989 masana a Japan suka tsoma tantanin a cikin tankin bakteriyar, aiki biyu ya koma wuri ɗaya.

Mu lura, babu matakin da ya isa shi kaɗai. In mai ya yi yawa, bakteriya su kasa, tantani kuma ya toshe. Ga tsada, ga bukatar lantarki dare da rana.

Saboda haka, ɗalibai, rigakafi ya fi magani. A Ikara, Makarfi da Kudan ba mu da matata, amma muna da injin ban ruwa, babura da janareto. Kada mu zubar da baƙin mai a kwata ko fadama. Mu tara shi a jarka, domin ruwan nan shi ke shayar da tumatirinmu da rakenmu.