KAFIN KA SAYI TIKITIN HUTU, DUBA KATIN RIGAKAFINKA



Maigida, idan kana shirin kwasar iyali zuwa hutu ko ziyara a Masar, Indiya, Afirka ta Kudu, ko ma nan Ghana, akwai wata 'yar takarda ruwan ɗorawa da za ta iya tsayar da kai a filin jirgi ko da bizarka lafiya lau take. Ita ce katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda mutane ke cewa yalo kad.

Dalili kuwa, Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙasashen da ake samun wannan cuta. Sauro ne ke yaɗa ta, irin wanda ke cizo da rana. In ta yi tsanani tana taɓa hanta, ido ya yi ɗorawa, jini ya riƙa fita, kuma har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar kai tsaye. Ƙasa kamar Indiya tana da irin sauron amma ba ta da cutar, shi ya sa ba ta wasa da maganar. Wanda ya sauka babu kati ana iya killace shi har kwana 6. To hutun kwana nawa ne ma gaba ɗaya?

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne lokaci. Katin ba ya fara aiki sai allurar ta cika kwana 10 a jiki. Wanda ya yi ta ana jibi tafiya, a wurin jami'an can daidai yake da wanda bai yi ba. Amma akwai sauƙi: tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, an daina sabuntawa bayan shekara 10.

Sai maganar da ba a so a faɗa. Wani ejan zai ce maka kawo kuɗi kawai, gobe ga kati, ba sai an tsira wa kowa allura ba. Don Allah kar ka yarda. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta maido 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi a kan zargin katin bogi. Kuma ko ka wuce da shi, ai jami'i ka yaudara, sauron bai san zancen ba, yaranka kuma ba su da kariya. A Najeriya sashen lafiya na tashoshin shiga da fita, wato Port Health, shi ke ba da katin na gaskiya. Ka je da kanka da fasfo.

Ba kowa ake yi wa ba. Jaririn da bai kai wata 9 ba, mai juna biyu, wanda ƙwai ke tayar masa da borin jini mai tsanani, da mai raunin garkuwar jiki, sai likita ya duba tukuna, haka ma dattijon da ya haura 60. Idan bai dace a yi ba, likita zai rubuta takardar uzuri, sai ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar ko suna karɓa.

Idan tafiyar za ta haɗa da Umara, Saudiyya na neman allurar sanƙarau mai nau'i huɗu, ita ma kwana 10 kafin isa, ga kuma ɗigon shan inna ga masu zuwa daga Najeriya, babba da yaro.

Zuma da habbatus sauda ka sa su a jaka, babu laifi, amma ba sa maye gurbin allura. Ka lissafa wata guda kafin tafiya, ka kai kowa a yi masa, ka ɗauki hoton katin a waya, shi kuma ka maƙala shi cikin fasfo.

A tura wa 'yan uwa masu niyyar tafiya.