Maganin da Ba a Haɗiya

Kafin mai magani ya ɗaga hannu, sai ya yanke shawarar inda cuta take zaune. Masana halayyar ɗan Adam sun shafe shekara ɗari da ɗoriya suna wannan gardama, kuma amsar da kowannensu ya bayar ita ke tsara abin da ake yi wa mai damuwa idan ya zauna gaban likita.

Sigmund Freud, likitan birnin Viyana, cewa ya yi matsalar tana binne can ƙasan zuciya, inda mai ita ma bai san da zamanta ba: sha'awar da aka danne da raunukan ƙuruciya. Sai majinyaci ya kishingiɗa ya yi ta faɗin duk abin da ya zo bakinsa, har da mafarkinsa, shekara da shekaru. Shi ya buɗe ƙofar magani da magana, wannan ba mai ƙwace masa. Amma hanyarsa sai mai kuɗi da lokaci, kuma gwada ingancinta na da wuya.

Wasu suka ce a bar tone-tone. A ganinsu tsoro koyonsa ake yi, abin da aka koya kuwa ana iya kwance shi. A 1924 Mary Cover Jones ta ba da rahoton wani yaro ɗan kusan shekara 3 a Amurka, Peter, wanda ko hango zomo ya yi sai kuka. Ba ta nemi asalin tsoron ba. Ta zaunar da shi, ta ba shi abincin da yake so, aka ajiye zomo cikin keji can nesa. Zama bayan zama ana matso da kejin kaɗan-kaɗan, har aka buɗe shi, har yaron ya kai ga shafa zomon. Joseph Wolpe ya mayar da wannan dabara cikakken tsari a 1958, kuma har yau a kanta ake gina maganin firgici da tsoron da ya wuce kima.

Aaron Beck, a Jami'ar Pennsylvania, almajirin tafarkin Freud ne. Ya shiga binciken mafarkin masu ciwon baƙin ciki don ya tabbatar da cewa fushi ne suka juya wa kansu, sai ya tarar da asara da gazawa ne suka cika mafarkin. Ya kuma lura da wasu tunane-tunane masu gilmawa kamar walƙiya, waɗanda mutum ke gaskatawa ba tare da ya bincika ba. Mace ta gaida maƙwabciya ba a amsa ba, nan take zuciya ta ce mata: kowa ya tsane ki. A tsarin Beck, likita ba zai ce mata ta yi haƙuri ba. Tambayarta zai yi, mece ce hujja? Ko maƙwabciyar ta ji? Su wa suka amsa gaisuwa jiya? Ta rubuta, ta koma gida ta gwada, ta dawo da sakamako. Zaman kan ƙare cikin 'yan watanni.

Ni dai a nan na fi karkata, domin abu ne da ake iya koya wa wanda bai taɓa shiga makarantar likita ba. Sai dai wani masanin, Carl Rogers, shi ma ya faɗi gaskiya da ya ce idan mai saurare ba shi da tausayi, dabara ba ta cin komai.

Akwai kuma inda tunanin mutum ba ƙarya yake masa ba: bashi ya yi katutu, miji na duka, babu na cefane. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitin unguwa, su taimaki mai damuwa ya zaɓi matsala ɗaya, ya jero mafita, ya ɗauki mataki kafin zama na gaba, har zama 6. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi waɗanda ba su zauna ba samun sauƙi. Mu da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware da Barnawa da Maiduguri suka yi wa kaɗan, ga kuma dubban da rikici ya raba da gidajensu, wannan ya shafe mu. Amma mai jin muryoyin da babu su, ko mai maganar kashe kansa, asibiti za a kai shi, kuma kakannin Harare ma tura irinsa suke yi gaba.